Tarun Yaya Bai Nutse Ba

Ni 'yar masunta ce da ba ta iya iyo ba. Gara in faɗa tun da fari, domin a tungarmu, can gaɓar tafkin Kainji ta wajen Ngaski, wannan abin dariya ne, kamar a ce ɗan mahauci yana gudun jini. Tun ina 'yar mitsitsiya gwaggona ta ɗauke ni zuwa Yelwa, aka sa ni boko, na girma a kan tudu. Da na gama na samu aikin koyarwa a wata firamare a Warra, sai ya zama duk ƙarshen mako ina hawa ruwa in je gida, in sake hawa in koma. Mai ɗauko ni da mayar da ni kullum mutum ɗaya ne, yayana, ɗan farin Inna.

Yaya gajere ne mai faɗin ƙirji, ga surutu, ga tsokana. Idan tarun wani ya maƙale a kututture a ƙarƙashin ruwa, shi ake kira. Tafkin namu cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun lokacin da aka datse kogi, suna nan tsaye a ƙasa ba sa ruɓewa. Yaya zai tuɓe riga ya faɗa, ya daɗe har in fara salati, sannan ya ɓullo ta wani gefen yana tofar da ruwa yana tambaya ko an ajiye masa goro. Ni kuwa Malama Dutse yake kirana, wai ranar da na faɗa ruwa ba sai an wahala nema ba, inda na faɗa nan za a same ni.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ba ta kallon idonsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa ko da kuskure. “Wancan” take ce masa. “Kai ma wancan tuwo nai.” “Wancan bai dawo ba?” Amma tsokar kifin da ta fi kowace maiƙo, kullum a kwanonsa take faɗawa, in ka yi magana ta ce ludayi ne ya ɗebo. Mahaifinmu ya rasu da daɗewa, Yaya ne gidan.

Wata shekara baƙi suka zo Warra daga bakin teku, daga babbar tashar jiragen ruwa. Aka kafa rumfuna a bakin ruwa, aka jera kujerun roba, aka tara masunta da masu jirage daga Yauri har Shanga. Wanda ya kamata ya yi tafinta bai iso ba, sai shugaban makarantarmu ya tura ni gaba, wai ai ni 'yar ruwa ce kuma ina jin Turanci. Aka danƙa mini abin magana.

Babbansu mutum ne mai ladabi, ba zan ci zalinsa ba. Ya ba da labarin jiragen da ke zuwa tasharsu, kowane ya kai girman unguwa, ɗauke da akwatunan ƙarfe. Ya ce ƙasa ta tsara abin da ta sa gaba a kan ruwa: a yi sufuri ba asarar rai, ciniki ya bunƙasa, a daina kashe 'ya'yan kifi, a kuma tsabtace ruwan daga leda da roba. Ya ce tsarin ɗaya ne daga teku har tafkinmu. Yana faɗa ina juyawa, muryata tana fita ta lasifika tana dawo mini kamar ta wata. Wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, “To kututturan ga da ka hwasa muna jirage hwa?” Na mayar da tambayar Turanci. Baƙon ya ce suna cikin tsari. Na mayar Hausa, tsohon ya gyaɗa kai ya zauna.

Daga nan aka karanta doka. Taru mai ƙananan ido ya haramta. Kuma daga ranar, ba mai hawa jirgin fasinja sai da rigar ruwa a jikinsa. Aka buɗe buhuna aka raba rigunan, masu launin lemo, sababbi fil, suna warin roba. Yaya ya samu ɗaya. Ni ma aka ba ni ɗaya da kwalbar lemo, ladan tafinta.

Ba su faɗi ƙarya ba, wannan na sani tun a ranar. Kifi yana raguwa, kowa ya gani a kwandonsa. Mutane suna mutuwa a ruwa, ba gidan da bai taɓa karɓar gaisuwa ba. Sai dai shi mai magana yana tunanin teku, mu masu saurare kowa yana tunanin abin da zai yi da riga.

Cikin 'yan makonni rigar ruwa ta samu ayyuka a tungarmu. Wani ya mai da tasa matashin kai. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa tana zama a kan tata in za ta yi lazimi. Na ga wadda kaza ta yi ƙwai a ciki. Sannan wani, ban san ko wane ne ba, ya farke tasa don ya ga abin da ke ciki, ya tarar da wani farin soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa ko ya kwana a ciki. Kafin a ce me, labari ya zaga gaɓa.

Sai na ɗan yi bayani ga wanda bai san su ba. Taru yana tsayawa a ruwa ne kamar katanga: dalma a igiyar ƙasa tana ja, wani abu mara nauyi a igiyar sama yana ɗagawa. Tun tasowata da tsofaffin silifa ake ɗaga taru, a yanyanka su a ɗaura. To masu sayen tsohuwar roba sun shigo da sikelinsu, yara suka tsince gaɓar tas, ka yi yawo tun daga tungarmu har ta gaba ba za ka ga warin silifa ɗaya ba. Gaɓa ta yi tsabta, ba musu. Tsohon tarun Yaya kuma mai ƙananan ido ne, yana cikin waɗanda aka tattara aka ƙona. Bai yi gardama ba. Ya zauna ya ɗaura sabo mai manyan ido kamar yadda doka ta ce, dogo ƙwarai, ya rage abin da zai ɗaga shi kawai.

Wata Asabar da hantsi na tarar da shi a gindin mangwaron ƙofar gida. Ya buɗe rigar a kan cinyarsa kamar an feɗe giwan ruwa, yana yanka soson gunduwa-gunduwa, kowace kamar sabulun wanka. Gefe ga buhun ɓuntun shinkafa da ya ɗebo a wurin injin casa.

Na ce, “Yaya, mi kaka yi haka?”

Ya ce, “Tiyata nika yi mata. Ba ta da lahiya.”

“Ni da bakina na hwaɗi ma jama'a amfanin rigag ga. Gaban kowa.”

“Ke kin hwaɗi, mu kau mun ji. Yaran da ka tsayi bakin tasha riga suka son gani, ga riga. Ni taru nika son shi tsaya. Kowa ya samu nashi.” Ya cusa ɓuntu a inda ya cire soson, ya danna da dunƙulen hannu, ya ɗauko zaren taru ya fara ɗinki. “Malama, kin taɓa ganin an sa ma kihi riga?”

Raina ya ɓaci, na yi masa wa'azi irin na malaman firamare, da ɗaga yatsa da komai. Matarsa tana daga bakin banda tana juya kifi tana dariya. Da na ga ba ci gaba, sai na ce, “To tawa dai kada ka kuskura ka taɓa ta.”

Ya ɗago ya dube ni. “Taki mi za ta yi maki? In dai ina cikin jirgi, ni na rigarki.”

Muka yi dariya dukanmu. Sai daga baya na lura bai ce ba zai taɓa ba. Rigata a ɗakin Inna take kwana, rataye a ƙusa. In zai zo ɗaukata Warra ya taho da ita, in ya mayar da ni ya koma da ita. Nakan zura ta a kan hijabi daidai inda ake dubawa, in mun yi nisa wani lokacin in cire in zauna a kai, don katakon jirgi ba ya tausayin mutum.

Ba shi kaɗai ya yi ba. Rabin mazan tungar sun yi wa rigunansu tiyata. Dukansu a ruwa aka haife su, a ganinsu riga ta irina ce. Tarun Yaya ya tsaya kyam, in ya shimfiɗa shi sai ka hango fararen sosan a jere a kan ruwa. Ya kama karfasa da ragon ruwa a daminar nan, har Inna ta ce wa maƙwabciya, ba shi ba, “Wancan tarun nai ba laihi.”

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Yauri ce, tsakiyar damina. Da safe ya je ya shimfiɗa tarunsa da niyyar ya ɗaga washegari. Ya dawo ya loda kwandunan kifin banda na matan tunga a babban jirgin inji na wani abokinsa, ya shiga a matsayin mai taya tuƙi. A tasha ana dubawa, don haka ya sa rigarsa. Maɓallinta ya daɗe da karyewa, igiya yake ɗaure ta da ita, da irin ƙullin masunta wanda in ya jiƙe sai ya ƙara kamawa. Sun ci kasuwa lafiya. A hanyar dawowa, bayan azahar, hadari ya taso, iska ta kwashe jirgin daga hanyarsa ta maka shi a kan kututture. Ya tsage daga ƙasa.

Ina gyaran littattafan yara aka bugo mini waya. Na ce to. Na ƙarasa littafin da ke hannuna, na sa maki, na rufe biro. Na tuna na tsaya neman ɗayan takalmina a ƙarƙashin tebur, na kuma tuna na kulle tagogin aji ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Wani mai kwalekwale ya kai ni gida, ya ara mini riga. Ruwan ya kwanta lumui kamar ba shi ba. Duk tsawon hanyar abin da nake kallo shi ne wata 'yar ƙusa da ta ɗago a katakon gabana, ina tunanin za ta yaga wa wani zane.

Waɗanda rigarsu ke da lafiya an tsince su suna yawo a kan ruwa, sun sha tsoro amma suna raye. Wasu ba su sa riga ba, sun cire da aka bar tasha. A cikinsu akwai waɗanda suka yi iyo suka fita, akwai waɗanda ba su fita ba. Wata 'yar kasuwa da ta tsira ita ta ba mu labarin Yaya. Ta ce ta gan shi ya tura wa wani tsoho jarka ya kama. Ta ce daga nan ta gan shi yana fama da igiyar ƙirjinsa da hannu biyu, kansa yana shiga yana fita. Igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Da ta wuce ba ta ƙara ganinsa ba.

Mutumin da ke nutso ya kwance tarun wasu. Da tsirara ya faɗa, da ya fito yana neman goro. Ban sani ba ko ɓuntun ne ya sha ruwa ya yi nauyi, ko rigar ce ta kama wani reshe a ƙasa. Ba wanda ya sani. Na juya abin a raina ta kowace fuska, kowace fuska ɗaya ce.

Abin da ya rage mana shi ne gawa. Tsofaffi suka ce ruwa ba ya riƙe amana har abada, yana mayar da abin da ya ɗauka, a yi haƙuri. Sarkin ruwa ya tara maza, suka jera kwalekwale suna jan mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, ko za ta kamo tufa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka taso. Duk wanda aka samu, a gaɓar da aka same shi ake yi masa sutura a yi masa salla a rufe, don jiki ba ya jiran a kai shi gida. Kullum in an ce an ga wani, ƙanin mahaifinmu zai tafi ya duba, ya dawo ya girgiza kai tun daga nesa. An sayo wa Yaya likkafani tun ranar farko, an yanka. Yana nan a ninke a kan kwanukan Inna.

Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba. Ina cin abinci in an miƙo, ba na jin gishiri. Masu zuwa gaisuwa su ma sun rasa abin faɗa, don ba a cewa Allah ya ji ƙan wanda ba a gani ba, ba a kuma cewa yana nan tafe. Sai su ce, “Allah shi bayyana shi,” mu ce amin, a ji kukan awaki. A wata bukka rediyo yana ta maimaita sanarwar a riƙa sa rigar ruwa, da kalmomi kusan irin waɗanda na yi amfani da su a Warra. Ba wanda ya tashi ya kashe.

Matar Yaya ita ce ta fi ba ni tausayi, in abin da na ji a lokacin ya kai a kira shi tausayi. Ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Ta cire 'yan kunne, ta mayar, ta sake cirewa. Ta sa na raka ta wurin liman, ta durƙusa daga bakin zaure ta ce, “Malam, in hwara ko in jira?” Liman ya daɗe yana jan carbi, ya ce ta ɗan jira tukuna, ruwa bai gama magana ba.

Inna kuwa ba ta da ikon ko zaman makoki yadda take so. Uwa ba ta kuka a kan ɗan fari a gaban mutane. Ta ci gaba da hura wuta a banda, tana juya kifin da ba wanda zai kai kasuwa. Sai dai ta samu wata tukunya da ke bukatar wanki. Kullum da safe za ta ɗauke ta ta sauka bakin ruwa, ta zauna tana dirza ta da yashi, fuskarta tana kallon tafki. Da la'asar ta sake komawa da ita. Tukunyar ta yi ƙyalli har gindinta ya fara sirancewa. Wata rana na je na tsuguna kusa da ita, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Wancan ba shi son a jira shi da abinci. Ku ci.”

Kwanaki suka tura. Masu nema suka fara raguwa, don kowa yana da bakin da zai ciyar. Ba mu ga laifinsu ba. A tasha aka ce yanzu yaran da ke dubawa suna matsa kowace riga da hannu kafin a hau. A tungarmu ba wanda ya ambaci ɓuntu, ko sau ɗaya, ko a gaban gidanmu ko a bayansa. Na dai lura wasu mazan sun daina haɗa ido da ni.

Sai wata safiya yara suka rugo suna cewa ga wani kwalekwale can daga wajen Shanga ya nufo tungarmu, da wani abu a tsakiyarsa an lulluɓe da buhu. Tunga ta watse zuwa bakin ruwa. Matar Yaya ta fito ba mayafi, ƙafarta ta harɗe ta faɗi, aka ɗaga ta. Wani ya ce a ɗauko likkafani. Inna tana wurin da ma da tukunyarta. Ta miƙe tsaye, tukunyar a hannu, ruwa yana zuba a kan ƙafarta.

Mai kwalekwalen dattijo ne, ya ga taron da ya tarye shi, ya gane abin da muka ɗauka. Tun kafin ya taɓa gaɓa ya fara ɗaga hannu yana cewa, “A'a, a'a, ku yi haƙuri, ba shi na ba. Taru na.” Ya yaye buhun.

Duk mun manta da tarun. Iskar ranar ta tsinke shi daga inda Yaya ya kafa shi, ta yi ta yawo da shi. Dattijon ya ce ya hango fararen abubuwa a jere a kan ruwa, ya matsa, ya duba ƙullin, wani ya ce masa wannan hannun mutumin nan ne da ake nema. Kifin da ya kama duk ya ruɓe a ciki, saura ƙaya da kawuna, wari ya cika gaɓa. Amma tarun lafiyarsa ƙalau. Dattijon ya ce, cikin yabo, don bai san komai ba, “Wanga soso na kirki na. Ko guda bai nutse ba.”

Aka yi masa godiya, aka ba shi fura. Inna ta koma ta tsuguna ta ƙarasa wanke tukunyarta.

Bayan wannan liman ya aiko a ce wa matar Yaya ta fara takaba. Aka tara mutane aka yi addu'a, aka raba gumba da waina. Likkafanin aka kai masallaci, a ajiye wa duk wanda Allah ya kawo kwanansa. Ina kallo aka fita da shi a ninke, ƙanin mahaifinmu ya saƙale shi a hammata kamar wanda zai kai ɗinki. Matan gida suka wanke tarun suka shanya a kan dangar bayan ɗaki.

Makaranta ta aiko ana nemana. Da hantsin ranar da zan koma na shiga ɗakin Inna na sauko da rigata daga ƙusa. Ina kaɗe ƙura Inna ta ce, “Kawo ta nan.”

Na miƙa mata. Ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta matsa rigar da yatsu, gaba da baya. Ta juya cikinta waje. A gefen ɗinkin kamfani akwai wani ɗinkin, da zaren taru, ƙanana a jere, kowane da ƙullinsa. Ko a mafarki na san hannun. Ta jawo faifai, ta ɗauki wuƙar gyaran kifi ta bi zaren. Ɓuntun shinkafa ya zubo, ya yi ta zuba, har ya yi tozo a kan faifan.

Wata da watanni ke nan ina ratsa tafkin nan da buhun ɓuntu a ƙirjina, ni Malama Dutse. Na ji ta yi laushi, na ɗauka don ina zama a kai ne. Riga ɗaya ba za ta ɗaga taru mai wannan tsawon ba, da na yi tunani da na gane. Na tsaya ina kallon faifan ina neman fushi a cikina. Na san ya kamata in yi fushi, na cancanta. Na laluba ko'ina ban samu ba. Abin da na samu kawai muryarsa ce a gindin mangwaro, yana cewa in dai yana cikin jirgi. Kuma gaskiyarsa, ban taɓa hawa da rigar nan ba shi a ciki ba.

Inna ta tashi ta je bayan ɗaki, ta dawo da tarun a rungume. Ta zauna ta shiga yanke sosan daga igiyar sama, ɗaya bayan ɗaya, tana tara su a cinyarta. Na ce, “Inna, tarun za shi lalace. Ana iya sai da shi.” Ta jera su a cikin rigar, ta cusa, ta danna, inda ya rage gurbi ta yanka ƙarami ta toshe. Ta zare zaren da ta farke, nasa, ta sa a allurar buhu ta ɗinke da shi. Idonta ba ya gani sosai, ɗinkin ya fito a karkace. Da ta gama ta miƙo mini, tana kallon ƙasa.

Ta ce, “Wancan ya ara, bai hwaɗi maki ba. Ga shi na maido.”

Na karɓa na sa. Gunduwoyin suna tokare mini haƙarƙari, tana ƙarnin kifi. Har yau ita nake sawa, kuma har yau tana tokarewa.

Kafin nan kaji sun hango faifan sun taho. Inna ta kore su da gefen zane. Ta ɗauki faifan da hannu biyu, a hankali don kada iska ta kwashe, ta zaga bayan ɗaki. Na bi ta. Ta ɗauko fartanya ta haƙa rami a gindin danga, ba mai zurfi ba, mai ɗan tsawo. Ta durƙusa ta juye ɓuntun a ciki, ta kakkaɓe faifan har ƙwayar ƙarshe, ta tsince 'yan guntayen zaren da suka maƙale ta sa su ma. Ta ji tsayuwata a bayanta.

Ta ce, “Don kaji.”

Kajin tungarmu a kan tsibin ɓuntu suke wuni a wurin injin casa, ba wanda ya taɓa korarsu. Na ce, “E, Inna.”

Ta mayar da ƙasa da hannu. Ta daɗe tana shafa wurin da tafinta, tana daidaita gefe da gefe. A wurinmu mata ba sa zuwa maƙabarta, amma kowace mace ta san abin da ake yi a ƙarshe. Ta tashi ta ɗauko tukunyar nan tata mai ƙyalli, ta ɗebo ruwa a randa, ta dawo ta yayyafa a kai har ƙasar ta kwanta.

Daga bakin ruwa mai kwalekwale yana ƙwala mini kira, wai rana tana yi. Na ce Inna zan tafi. Ta ce, “Ɗaure igiyar rigar da kyau.” Ba ta juyo ba.